Kalmar “Suspend”: Yadda Za Ka Fassara Ta Ba Tare da Ka Kori Wanda Ba a Kora Ba

Ina wata na huɗu da kama aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo aka miƙo mini wata takarda da ƙarfe biyar da rabi na yamma, labarai kuma ƙarfe shida. Layi uku ne kacal. An ce wani sakataren ilimi na ƙaramar hukuma “has been suspended pending investigation”. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, na rubuta “an kori sakataren ilimi”, na miƙa wa mai karanta labarai, na fita neman ruwan alwala hankalina kwance.

Washegari da hantsi sai ga wani dattijo cikin babbar riga a bakin ƙofa, riƙe da ambulan. Yayan mutumin ne. Ko muryarsa bai ɗaga ba. Ya ce tun daren jiya gidansu ya cika da masu jaje, surukai har sun aiko daga wani gari, tsohuwarsu kuwa ta ƙi cin komai. Ya zaro wasiƙar ya shimfiɗa ta a kan teburin editanmu ya ce, “Malam, a nuna mini inda aka ce kora.” Edita ya karanta, ya cire tabarau, ya waiga yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ne.” Da rana muka karanta gyara, da yamma muka maimaita. Bayan 'yan makonni aka gama bincike aka mayar da bawan Allah kujerarsa, amma ni kam da baki na na riga na kore shi a kunnen duk wanda ya buɗe rediyo a daren.

Tun daga ranar, duk sabon yaron da aka kawo mini in koya wa fassarar labarai, da wannan kalma nake fara masa. Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan, ko zai amfani ɗalibi, ko malamin makaranta, ko akawun da ake sa wa rubuta wasiƙun ofis.

Ka fara da ragaya

Kafin ka buɗe ƙamus, ka tuna ɗakin kakarka. Akwai igiya da aka saƙa aka ɗaure a jikin azara, ana ɗora ƙwaryar nono ko ta fura a ciki, tana reto tsakanin sama da ƙasa. Ragaya ke nan. Ƙwaryar ba a gaban kowa take ba, ba a sha daga cikinta a yanzu, amma ba a fasa ta ba, ba a kuma zubar da abin da ke ciki ba. Wanda ya ɗora ta yana iya miƙa hannu ya sauko da ita.

Ma'anar “suspend” ta asali ke nan. Daga Latin ta fito, daga “suspendere”, wadda aka haɗa da ɓangaren da ke nufin ƙarƙashi da kuma aikatau mai nufin ratayewa. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi, shi ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko ba baƙuwarsu ba ce, “suspendre” suke ce mata. Duk sauran ma'anoninta daga ratayen nan suka tsiro. Ma'aikacin da aka yi wa “suspend” an ɗauke shi daga kujerarsa an ɗora a ragaya. Yajin aiki, ko jigilar jirgi, ko tsarin mulki, duk haka ne.

Sai dai a yi hattara da ƙamus. Na taɓa samun wani ɗan koyon aiki mai ƙwazo, ya duba ya ga ma'anar farko ita ce ratayewa, ya kawo mini rubutu cewa gwamnati ta rataye shugaban wata makarantar sakandare. Allah ya taimake mu na duba kafin a shiga da shi ɗakin watsa shiri. Hoton ragaya na cikin kanka ne, don ka gane inda kalmar ta dosa. A kan takarda kuwa, sau tara cikin goma “dakatar da” za ka rubuta, wani lokaci “jingine”.

Ni ina son “jingine” ƙwarai. Wanda ya jingine sanda a bango zai dawo ya ɗauka. Wanda ya ba da jinginar gona bai sayar ba, ranar da ya kawo kuɗi gonarsa ce. Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, kafafen Hausa suka ce an jingine tsarin mulki, kuma fassarar ta zauna daidai. Amma ba ta shiga ko'ina. Ba a jingine mutum. Ɗalibi da ma'aikaci da ɗan ƙwallo dakatar da su ake yi.

Abin da za ka tambayi kanka in ka ci karo da ita

Tambaya ta farko: abin nan yana gudana ne aka tsayar da shi, ko bai ma fara ba? “Suspend” ta abin da ke kan tafiya ce. Shekarar 2020 ta korona ta ba mu darasi kyauta a kan wannan. Gasar Firimiya ta Ingila tana tsakiyar kaka aka tsayar da ita a watan Maris, aka ci gaba ranar 17 ga Yuni daga inda aka tsaya, da makin kowa yadda ya bari. Wannan ita ce “suspended”. Wasannin Olamfik na Tokyo kuwa ba a fara ba, aka matsar da su zuwa 2021, wato “postponed”, an ɗage. Gasar tanis ta Wimbledon ta shekarar ba a yi ta ba sam, “cancelled”, an soke. Annoba ɗaya, kalmomi uku, kuma in ka sauya ɗaya da wata ka yi wa mai sauraro ƙarya. Haka Saudiyya ta yi a ƙarshen Fabrairun shekarar, ta dakatar da shigar masu Umara daga waje. Ba ta soke Umara ba, wa ya isa?

Zaɓen Najeriya na 2019 ma yana kama mutane a nan. Da tsakar daren 16 ga Fabrairu, ana sa'o'i kaɗan a buɗe rumfuna, hukumar zaɓe ta mayar da shi 23 ga wata. Ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, don haka ɗagewa ce. Da a ce an fara kaɗa ƙuri'a a wata rumfa sai 'yan daba suka tarwatsa layi aka ce a tsaya tukuna, to nan ne “suspend” za ta shigo.

Tambaya ta biyu: wa ya tsayar? Kalmar tana da ƙamshin ofis. Mai iko ne ke yin ta, da takarda da sa hannu, hukuma ko kotu ko shugaban makaranta ko ƙungiya. Ruwan sama ba ya “suspend”, tsayawa yake yi ko ya ɗauke. Direban Adaidaita Sahu ba ya “suspend” a bakin titi. In ka ce masa haka don kana so ka sauka, ko Baturen Landan ne a gefenka ba zai gane ka ba. Wannan wurin “stop” ne, ita ce kalmar yau da kullum, kowa da komai na iya yin ta.

Tunda na taɓo “stop”, bari in yi ɗan ratse, don akwai wani rami a cikinta da ya fi na “suspend” zurfi. “He stopped to pray” na nufin ya tsaya ya yi salla, kamar matafiyin da ya faka mota a bakin masallaci. “He stopped praying” kuwa na nufin ya daina salla. Bambancin ƙaramar “to” ce da “ing”, amma jimla ɗaya yabo ce, ɗayar kuma ƙazafi ne da zai iya raba zumunci. Ita “suspend” ba ta da wannan fuska biyun. Ba a cewa “suspend to do”. Suna ne ke binta, kamar “suspend the meeting” ko “suspend payment”.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi: har yaushe, kuma bisa wane sharaɗi? Amsar ba a cikin kalmar take ba, tana cikin abin da ya biyo bayanta, kuma nan ne na faɗi a waccan yammar. Na ga “suspended”, idona ya tsallake “pending investigation”, wanda ke nufin kafin a gama bincike. Wato ba a ma tabbatar da laifi ba tukuna. In ka ga “for six months”, an yanka wa'adi. Ranar 18 ga Mayun 2004 Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata shida, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya ya riƙe jihar. Wa'adi na cika a watan Nuwamba Dariye ya koma ofis. Ka kwatanta da abin da majalisar dokokin Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Wannan “impeach” ce, tsigewa, kuma bai koma ba.

In ka ga “until further notice”, sai an ji sanarwa ta gaba. In ka ga “indefinitely”, to sai baba ta gani. Mutane da yawa suna ɗauka “indefinitely” har abada take nufi, alhali ba a sa rana ba ne kawai. Da gwamnatin Buhari ta sanar da dakatar da Twitter ranar 4 ga Yunin 2021, kalmomin da ta yi amfani da su ke nan, kuma ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe shi, bayan wata bakwai da 'yan kwanaki. Jaridun waje da dama “ban” suka riƙa kiran matakin, wato haramci. Gwamnati ta zaɓi kalma mai laushi, masu suka suka zaɓi mai kaushi. Aikinka in kana fassara shi ne ka faɗi kalmar wanda ya yi magana, ka jingina masa ita, kada ka zaɓa masa.

Me ya sa masu mulki ke son ta

Ba a banza kalmar nan ta cika sanarwar gwamnati ba. Tana ba mai iko damar ya raba mutum da kujera ba tare da ya bi doguwar hanyar da doka ta shimfiɗa wa kora ba. Misalin da nake bayarwa kullum shi ne na Sanusi Lamido Sanusi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta ce shugaban ƙasa ba zai cire gwamnan banki ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Ranar 20 ga Fabrairun 2014, Sanusi yana Yamai wurin taro, fadar Shugaba Jonathan ta sanar da cewa an dakatar da shi, Sarah Alade ta riƙe bankin. Wa'adinsa dama a watan Yuni zai ƙare. Bai koma ofis ba, a watan Yunin nan ma ya zama Sarkin Kano. A kasuwa kowa cewa yake an cire shi, kuma ta fuskar abin da ido ya gani ba su yi ƙarya ba. Amma a takarda dakatarwa ce, kuma a kan wannan bambancin lauyoyi suka yi ta kai ruwa rana.

Saboda haka kada ka ɗauka duk abin da aka ɗora a ragaya ana saukowa da shi. Wani nonon a can yake tsami har a manta. Abin da kalmar ke faɗa shi ne ƙofa ba a kulle take ba. Ko za a shiga ko ba za a shiga ba, wannan labarin gobe ne, kada ka rubuta shi yau. Ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Najeriya a watan Nuwamban 1995 bayan gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, kuma sai a 1999 da aka koma mulkin farar hula ta dawo. Ka ga a wannan labarin ma duka biyun sun haɗu, ratayewa ta gaske wadda Turanci ke ce wa “hang”, da dakatarwa. Nan ne ɗan koyon aikina zai rikice da gaske.

Inda nake yawan saɓawa da abokan aikina shi ne yajin aiki. Malaman jami'a na ASUU sun shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, suka koma ranar 14 ga Oktoba bayan umarnin kotu, wata takwas cif. Sanarwarsu “suspend” ta ce. Gidajen rediyo da yawa suka ce sun janye yajin aiki, kuma kunnen mutane ya saba da haka har ba wanda ya ji wani abu. Ni dai ban yarda ba. Janyewa ita ce “call off”, an naɗe tabarma an tashi. Shugabannin ƙwadago sun san abin da suke yi in suka ce “suspend”. Saƙo ne ga gwamnati cewa sandar tana jingine a bayan ƙofa. Uban da ke da 'ya'ya uku a jami'a yana da haƙƙin ya ji wannan saƙon da Hausa, don ya san ko zai saki jiki. Sun dakatar, ko sun jingine, shi ne daidai.

Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya kuma akwai wata 'yar'uwarta da ya kamata ya sani tun kafin ta same shi, wato “interdiction”. Dukkansu a Hausa dakatarwa muke ce musu, amma a ƙa'idojin aikin gwamnati ba ɗaya ba ne. Wanda aka yi wa “interdiction” yana karɓar rabin albashi kafin a gama da maganarsa. “Suspension” ta fi zafi, ana tsayar da mutum da albashinsa gaba ɗaya. In wani naka ya kawo maka wasiƙa ka karanta masa, wannan kalmar za ka fara nema, don ita ce za ta gaya wa matarsa ko akwai cefane a ƙarshen wata. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa sai ka duba ko an rubuta “with pay” ko “without pay”. A makaranta, “suspended” zai dawo, “expelled” an kore shi ke nan. Jami'o'inmu suna da tasu tsohuwar kalmar, “rusticated”, wadda ita ma korar wucin gadi ce ta zango ɗaya ko biyu.

In kai ne za ka rubuta

Ginin jimlar ba wuya. Ka sa mai iko a gaba, sai kalmar, sai wanda aka dakatar. Wurin da aka ɗauke shi “from” ke nuna shi. Tsawon lokaci da dalili kuwa duka “for” ce. “The school suspended him for two weeks for fighting”, makaranta ta dakatar da shi mako biyu saboda faɗa. In ba ka son ambaton wanda ya yi, sai ka juya: “He was suspended from duty.” Kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai shi ne yar da “was” ɗin nan. Sai su rubuta “The match suspended”, wanda a kunnen mai harshen kamar wasan ne da kansa ya dakatar da wani, yana jira a gaya masa wa. “The match was suspended” ake cewa. Wasu kuma su sa “of” a wurin “from”, babu wannan.

Sunan aikin “suspension” ne. Mutum yana “on suspension”, ɗan ƙwallo yana “serve a suspension”, wato yana zaman hukuncin. Kada ka haɗa ta da “suspense”, duk da uwarsu ɗaya. Ita wannan zullumin jiran abin da zai faru ne, irin wanda ake barin masu kallo a ciki in an yanke shiri mai dogon zango daidai lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Zuciya ce a rataye. Kada kuma ka haɗa ta da “suspect”, zargi ko wanda ake zargi. Gaskiya ne sau da yawa wanda ake zargi shi ake dakatarwa, amma harafi biyu na ƙarshe sun raba su.

Wajen furuci, nauyin yana gaɓa ta biyu, a kan “pend”, ta farkon kuma a taƙaice take, kusan “sas”. Mu Hausawa matsalarmu “p” ce, bakinmu yana zamewa zuwa “f”. Ka haɗe leɓɓanka sosai ka sake su da ƙarfi. Ni da takarda nake sa yara gwaji, su riƙe ta a gaban baki, in ba ta motsa da bugu ɗaya ba to ba a yi “p” ba. “Suspended” gaɓa uku ce, ta ƙarshen ana jin ta.

Kowace dakatarwa tana da kalmar da ke warware ta, kuma yana da kyau ka riƙe su tare. Aiki ko jigila “resume” suke yi. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna an dakatar da shi bayan harin 28 ga Maris 2022, ya ci gaba da jigila ranar 5 ga Disamba. Mutum kuma “reinstate” ake yi masa, a mayar da shi bakin aiki. Ita dakatarwar kanta “lift” ake yi mata. A nan Hausarmu ce ke da tarko. “Ɗage” tana nufin matsar da abu gaba, kamar ɗage zaɓe ko ɗage zaman kotu, wanda Turanci ke ce wa “adjourn”. Tana kuma nufin cirewa, kamar ɗage dokar hana fita. In ka ce “an ɗage dakatarwar”, wani zai ji an cire ta, wani zai ji an ɗaga ranar fara ta. Ni “an janye dakatarwar” nake rubutawa, kowa ya huta.

'Yan ƙwallo sun fi kowa jin kalmar. Wanda aka ba jan kati ko ya tara katin gargaɗi “suspended” ne a wasa na gaba. Da Luis Suárez ya ciji Giorgio Chiellini a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, FIFA ta dakatar da shi wasa tara na ƙasarsa, ta kuma hana shi duk harkar ƙwallo wata huɗu. Shi wasan kansa ma ana dakatar da shi. Ranar 12 ga Yunin 2021 Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi a fili ana wasan Denmark da Finland, aka tsayar, aka dawo a daren aka ƙarasa. Da ba a dawo ba, “abandoned” za a ce.

Inda “dakatar da” ba ta aiki

Akwai wurare kaɗan da in ka sa “dakatar da” za ka ɓata magana. Na farko kotu. “Suspended sentence” ba dakatar da shari'a ba ne, ba kuma wanke mutum ba ne. An same shi da laifi, an yanke masa ɗauri, amma ba zai shiga gidan yari ba matuƙar bai sake wani laifi ba cikin wani wa'adi. Hukuncin yana reto a saman kansa. Magabatanmu a aikin nan sun sama mata suna mai daɗi, ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Irinsa aka yi wa Cristiano Ronaldo a Madrid a watan Janairun 2019 kan kuɗin haraji, ɗaurin kusan shekara biyu da tara ta kusan Yuro miliyan 19, ya fito daga kotu ya koma wasansa. Samarin unguwarmu sun yi ta musu a majalisa, wasu na cewa an ɗaure shi, wasu na cewa ƙarya ce ga shi can yana buga wa Juventus. Duka ɓangarorin suna da rabin gaskiya.

Na biyu kemis. In kika ga “oral suspension” a jikin kwalbar maganin yaro, uwargida, ba cewa aka yi a dakatar da shan maganin ba. Na ji wadda ta mayar da kwalba don ɗanta ɗan sakandare ya karanta mata haka. Garin magani ne da bai narke ba, yana yawo a cikin ruwa, in an ajiye sai ya kwanta a ƙasa kamar ƙullun koko. Shi ya sa ake rubuta a girgiza kafin a ba yaro. In ba a girgiza ba, cokulan farko kusan ruwa ne, na ƙarshe kuma magani ya yi yawa.

Na uku gareji. “Suspension” ɗin mota shi ne sifirin da shokazoba da sauran ƙarafan da gangar motar ke zaune a kansu, masu shanye ramukan hanya. “Suspension bridge” kuma gada ce da aka rataye da manyan igiyoyin ƙarfe, kamar Golden Gate ta San Francisco da aka buɗe a 1937. A nan kalmar ta koma gidansu, ratayewa ce tsagwaronta.

Sauran 'yan'uwanta ba sa buƙatar dogon bayani. “Pause” ɗan dakatawa ne na numfashi, maɓallin da kake dannawa in ana kallo aka yi sallama. “Halt” tsayawa ce cak, ta soja da kanun jarida. “Cease” dainawa ce cikin harshen takarda, daga ita aka samu “ceasefire”, tsagaita wuta. “Interrupt” katsewa ce, ko ta magana ko ta wutar lantarki, ita ce ke bakin Bature in zai ce ba katse maka hanzari ba.

Wurin da talaka ya fi haɗuwa da “suspend” a yau kuwa ba jarida ba ce, wayarsa ce. Saƙo ya shigo da dare, “Your account will be suspended”, a danna nan, ko a turo lambar BVN da lambobin bayan kati cikin awa ɗaya. Maƙwabcina mai sayar da hatsi ya taɓa buga mini ƙofa bayan isha'i da irin wannan, hannunsa na rawa, yana cewa za a cinye masa kuɗin buhu arba'in. Na ce masa, “Alhaji, zauna tukuna.” Na karanta masa saƙon kalma bayan kalma. Ko da gaske ne banki ya dakatar da asusu, kuɗin suna nan, shiga da fita ne aka tsayar har ka je da katin shaida a gyara. Banki kuma ba ya neman lambar sirri ta waya, ko lambar nan da ake turowa ta tabbatarwa. Masu damfara sun zaɓi kalmar ne don sun san yawancinmu “rufewa” muke ji in an faɗe ta, mu firgita mu miƙa abin da ba a miƙawa. Muka goge saƙon tare. Da safe ya je reshen bankinsa da kansa, ya dawo ya same ni a ƙofar gida ya ce asusun lafiya lau, ya ajiye mini kwanon gero.